Ɗan kawuna, ɗan kwangila ko injiniya: wa zan damƙa wa ginin gidana?

Abban Hanifa
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma ina roƙon wanda ya san abin ya yi mini magana tsakani da Allah.

A Legas nake aiki, iyalina suna Kano a gidan haya. Shekara tara ina tara kuɗi, na sayi fili a wajen Ɗanbare, ƙafa 75 a 50, takardunsa sun kammala. Ɗaki uku da falo nake so, da kicin, da ɗakin baƙi a zaure, amma ina son a yi fandishon da zai ɗauki bene ko bayan shekara goma ne, in Allah ya hore.

Mutum uku ne a gabana. Na farko ɗan kawuna, birkila ne, ya kusa shekara 20 yana gini, kuma gida ɗaya muka tashi. Ya ce in riƙa turo kuɗi kawai, shi zai tsaya a kan komai. Shi Hajiyarmu take so, ta ce ba a kai arziki waje alhali ga na gida. Na biyu ɗan kwangila ne da abokin aikina ya haɗa mu, ya turo mini hotunan gidaje masu kyau ta WhatsApp, ya ce wata biyar zai miƙa mini makulli. Kuɗinsa ya fi na kowa sauƙi, sai dai yana son rabi a hannu kafin a sa diga. Na uku injiniya ne, ya ce ba zai ɗora bulo ko ɗaya ba sai an yi zane, an haƙa ramin gwaji, an samo izini. Lissafinsa ya ɗara na ɗan kwangilar da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ba na samun zuwa gida sai bayan wata biyu. Kuɗin nan gumina ne, in ya salwanta ba ni da wani.

Maman Sadiq
Wa alaikumus salam Abban Hanifa. Allah ya sa albarka, ya sa a shiga lafiya. Ni malamar makaranta ce, da gadon mahaifina da kuɗin adashi na gina nawa a Sheka, don haka abin da zan faɗa a jikina na ji shi.

Wannan mai neman rabin kuɗi, ka rabu da shi tun yanzu. Irinsa na fara ba wa. Na damƙa masa rabi ranar Asabar, aka haƙa fandisho, aka zuba, aka ɗora layi huɗu na bulo, shi ke nan sai ƙafa ta ɗauke. Yau tifa ta lalace, gobe leburori sun tafi gida girbi. Wata uku ina sintiri. Daga baya wani yaronsa ya tsegunta mini cewa kuɗina ya tafi rufin wani gida a wata unguwa, wanda mai shi ya biya tun bara. Ni kuma sai an samu sabon mai biya sannan a waiwayi nawa. Da ƙyar, da sa bakin mai unguwa, na karɓo wani abu daga ciki.

Da na sake farawa sai na canza tsari. In na tashi daga makaranta ƙarfe biyu, in hau adaidaita in je wurin, in zauna a kan bulo da littafina. Duk buhun simintin da aka fasa sai a ajiye mini fankonsa. Da yamma in ƙirga fanko, in ƙirga cikakku, su haɗu da abin da na saya. Wata rana aka samu giɓin buhu uku. Ban ɗaga murya ba, na ce dai a duba. Washegari na tarar da su a jingine a bayan ƙofa, kuma daga ranar ba a sake ba.

Na Jidda
Ni kuma ta ɗaya ɓangaren zan ja maka kunne. Shekara huɗu ina turo kuɗi daga Saudiyya wa ɗan uwana na jini. Hotuna suna zuwa, an kai linta, an yi rufi, har launin fenti aka tambaye ni. Da na dawo na ce a kai ni, aka yi ta yi mini hanya-hanya kwana uku. Ran na huɗu na ɗauki mai babur na tafi da kaina. Fandisho na tarar da ciyawa ta rufe shi, da tulin yashin da ruwa ya wanke rabinsa. Gidan da ake ɗauka a hoto na maƙwabcina ne.

Da bare ne da na kai shi kotu. Amma ina ɗaga maganar mahaifiyarmu ta sa kuka, dattawa suka taru, aka ce in yi haƙuri. Na yi. Yanzu ba kuɗin, kuma ko gaisawa muka yi zuciya ba ta sake ba. Kada ka haɗa kuɗin gini da zumunci, ɗan uwa.

Abu Yasir
Allah ya mayar maka da alheri Na Jidda, abin da ciwo. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Yayana ne ya tsaya mini a kan nawa ina Fatakwal, har canjin naira ɗari biyar yana rubuta mini. Ka ce mutum ya duba halin wanda zai ba wa, kada ka ce a guji dangi gaba ɗaya.

Na Jidda
Nawa ma kafin kuɗi ya shiga hannunsa kowa yana yi masa shaidar kirki.

Mai Cokali
Salamu alaikum. Ni birkila ne, shekara 26 ina riƙe da cokalin gini, kuma ina roƙon ku yi mana adalci. Akwai maciya amana a cikinmu, ban musa ba. Amma masu gida fa?

Mai gida zai je ya sayo bulon da ya fi kowane araha, wanda in ka ɗaga shi gefensa yana zuba a hannunka kamar garin kwaki. Ka ce Alhaji wannan ba zai yi ba, ya ce kai dai ɗora, filasta za ta rufe. Buhu ɗaya da ya kamata ya ɗora bulo kamar 50 na inci tara, ya ce sai ka ja shi ya kai 80. Ka gama bango ya zo da uwargida, ta ce ƙofar nan ba nan take so ba, a fasa, kuma ba wanda zai biya ka aikin jiya. Ranar Alhamis yara suna jiran sallama, ka kira waya a kashe. Bayan damina biyu bango ya tsage, sunan wa za a kira? Na birkila.

Abban Hanifa, in kana son ka gane magini na ƙwarai, ga abin da na sani. Kada ka tambaye shi, ka tambayi leburorinsa. Wanda yaransa suka shekara biyar, shida suna tare da shi, yana biyansu haƙƙinsu, da wuya ya ci naka. Wanda kullum sabbin fuskoki ne a bayansa, akwai dalili. Sannan ka tsaya ka kalle shi yana aiki ko na awa ɗaya ne. Yana ja da igiya kowane layi? Yana ɗora ma'aunin ruwa, ko da ido yake aunawa? In zai fitar da kusurwa yana auna uku a gefe ɗaya, huɗu a ɗaya gefen, ya ga tsakaninsu ya ba da biyar? Yana cika tsakanin bulo da bulo da kwaɓi, ko shafawa yake yi a baki ya bar ciki fayau? Kuma babbar alama, magini na gaske yana iya ce wa mai gida a'a. Wanda duk abin da ka ce sai ya ce an gama ranka ya daɗe, ba gidanka ne a gabansa ba.

Shi kuma bulo, ka ɗaga shi zuwa ƙirji ka sake shi a ƙasa mai tauri. Na kirki ko dai ya tsaya ko ya rabe biyu, na banza ya watse. A buhu ɗaya mu abin da muka sani kamar 30 ake bugawa na inci tara, amma akwai masu fitar da 50 har fiye. In da hali ka sa a buga maka a filinka, a ba shi ruwa safe da yamma.

Maman Sadiq
Malam Mai Cokali ka faɗi gaskiya, kuma ni ma na taɓa sa an fasa taga bayan an ɗora. Na biya aikin dai. Allah ya yafe mana.

Injiniya Na Kaduna
Abban Hanifa, tambayarka ta haɗa aiki uku wuri ɗaya, shi ya sa zaɓin ya yi maka wuya. Akwai mai zana gida, akwai mai lissafin nauyi da ƙarfe da kankare, akwai mai ginawa. Ba dole ne mutum ɗaya ya riƙe duka ba, kuma ma ya fi kyau wanda yake duba aiki ya zama daban da wanda yake yin sa.

Da ƙasa kawai za ka yi ka tsaya, da na ce gogaggen birkila da zane mai kyau sun isa. Amma ka ambaci bene. Daga lokacin da ka ce bene, maganar ta fita daga hannun ido da gwaninta. Faɗin fandisho, zurfinsa, yawan ginshiƙai, kaurin rodin da zai shiga cikinsu, duk lissafi ne da ya dogara da irin ƙasar wurin da nauyin da za a ɗora. Yawancin abin da muke gani shi ne an yi gida na ƙasa, bayan shekaru kuɗi ya zo, a ɗora bene a kan fandishon da ba a yi shi don haka ba. Mutanen Kano ba su manta da benen da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022 ana cikin gininsa ba. A Jos, a Yulin 2024, makaranta ta rufta wa ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. A Ikoyi ta Legas inda kake, bene mai hawa 21 ya zube a Nuwamban 2021, sama da mutum 40 suka tafi. Ba ƙananan kuɗi aka zuba a wannan na ƙarshen ba.

Ga abubuwan da ko kana Legas za ka iya sa a duba maka. Kwaɓin kankare na ginshiƙi da linta da dakin (rufin kankare na bene), wanda aka saba shi ne ɗaya, biyu, huɗu. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, ke nan buhu ɗaya yana tafiya da kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. In ka ji ana zuba baro bayan baro ba ƙirge, an fita daga lissafi. Rodi kuma tsawonsa mita 12 ne. Tan ɗaya na mai milimita 12 yana ba da sanda 93 zuwa 94, na milimita 16 kuma 52 zuwa 53. In aka ba ka tan ɗaya ka ƙirga ya haura haka sosai, kada ka yi murna, siririn rodi aka ba ka da sunan mai kauri. Yashi, ka ɗebi kaɗan a kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye. Yashin zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa. In lakar ta yi kauri, a mayar da tifar. Bayan an zuba kankare a ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai, domin sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. A zafin Kano na watan Maris da Afrilu, kankaren da ba a shayar ba ƙonewa yake yi.

Shi injiniyan da ka samu, ka nemi lambar rajistarsa ta COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, ka bincika. Mai zane ARCON ce take yi musu rajista, ƙwararrun magina kuma CORBON. Wanda yake da ita ba ya jin haushi in an tambaya. Izinin gini kuma a Kano wajen KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ake nema, kada ka bari kowa ya ce maka a fara daga baya a gyara. Jan fentin rusau da hukuma ke sa wa a bango ba ya tambayar nawa ka kashe.

Mai Cokali
Injiniya, da girmanka, amma bari in faɗi wata. Sau nawa injiniya yake zuwa wurin aiki, ko daga mota bai fito ba, ya leƙo ta gilashi ya ce a ci gaba, ya karɓi kuɗin zuwa? Akwai wanda na yi aiki a ƙarƙashinsa, zanen wani gida ya kwafo ya canza suna, ko filin bai taka ba. Ni na gaya masa ƙasar nan ciko ce. Takarda ba ta riƙe bango.

Injiniya Na Kaduna
Ban musa ba Malam, akwai su, kuma suna zubar mana da mutunci. Akwai ma masu sayar da hatimi, su buga a zanen da ba su karanta ba. Maganinsa shi ne kada a biya injiniya kuɗin duba aiki a dunƙule. A rubuta matakan da dole ya zo da ƙafarsa: bayan an gama haƙa kafin a zuba komai, bayan an ɗaure rodi kafin a rufe shi da kankare, lokacin da za a yi daɓen ƙasa a shimfiɗa leda saboda danshi, lokacin linta, da kafin rufi. Kowane zuwa ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu, sannan a biya shi na wannan zuwan. Ni kuma ina ƙaruwa da birkiloli irinku. Wanda ya shekara 26 yana haƙa ƙasar gari ya san abin da ba a koya mini a aji ba.

Mai Cokali
To in haka ne mun daidaita.

Baba Na Zariya
Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka yi tunanin rufa wa iyalinka asiri. Ni na tsufa, gida uku na gina a rayuwata, na farkon na ƙasa ne da tubali da azara.

A da magini ba ya ɓuya. Kowane gari da Sarkin Magina, sana'ar gado ce, an san gidan da mutum ya fito da wanda ya koya masa. In ya yi aikin banza akwai inda za a kai ƙara, kuma kunyar ta gidansu ce gaba ɗaya. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19, masana gini sun daɗe suna zuwa kallon bakan gizonsa, ba siminti ba rodi. Yanzu kuwa mutum zai yi wata shida yana miƙa bulo, ya sayi cokali, ya ce shi magini ne.

Abin da zan ce maka ɗaya ne. Kada ka kalli sabon gida. Sabon gida amarya ce, kowa ya gan ta ya ga kyau. Ka ce kowannensu ya kai ka gidan da ya gina shekara biyar ko fiye, wanda damina ta bi ta kansa. Ka duba gindin bango ko gishiri ya ci, ka duba kusurwar taga da ƙofa ko akwai tsaga, ka ɗaga kai ka ga silin ko da tabon ruwa, ka buɗe ƙofa ka rufe ka ji ko tana cijewa. Sannan ka sallami maginin, ka koma kai kaɗai wajen mai gidan bayan la'asar, ku zauna a tabarma. Ka tambaye shi abu ɗaya: in za ka sake gini, shi za ka kira? Yadda zai yi shiru kafin ya amsa ma ya ishe ka.

Barista
Na goyi bayan Baba. In ƙara da ɓangarenmu, domin shari'ar gini da take zuwa hannunmu kusan kullum matsalarta ɗaya: ba a rubuta komai ba, ko an rubuta layi uku a takardar makaranta.

Ko wa ka zaɓa, a yi yarjejeniya a rubuce da shaidu biyu, a liƙa mata zanen da jerin kayan aiki. A faɗi wa zai sayi kaya. A raba biya bisa matakin aiki, ba bisa kwanan wata ba: an gama fandisho an duba, a biya, an kai linta an duba, a biya. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai kai aikin mataki na farko. Ka riƙe kashi biyar cikin ɗari har damina ɗaya ta wuce a kan rufin. Duk canjin da kai ko uwargida kuka kawo, a rubuta shi da kuɗinsa kafin a taɓa bango, wannan haƙƙin magini ne. Kuma ta banki za ka riƙa biya, kana rubuta dalilin kowane turawa.

Sai batun tashin farashi, wanda shi ya fi raba mutane a 'yan shekarun nan. A ƙarshen 2023 buhun siminti yana wajen naira 5,000, zuwa Fabrairun 2024 ya haura 10,000 a wurare da yawa. Ɗan kwangilar da ya yi maka farashi a dunƙule kafin irin wannan tashin, abu biyu ne a gabansa: ya gudu, ko ya rage siminti. Don haka wanda ya fi kowa araha ba lallai ne ya fi kowa tausayinka ba, wataƙila bai yi lissafi ba ne, ko ya yi niyyar dawowa neman ƙari in ka riga ka shiga. In ya ce yana da kamfani, ka duba rajistarsa a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka kuma je ofishin da ƙafarka.

Ɗan Maraɗi
Gaisuwa ga kowa daga Nijar. Mu nan abin da mutane da yawa ke yi, ba su ba maso, wato magini, kuɗin kaya ko kaɗan. Kana zuwa wajen mai sayar da siminti da ƙarfe ka biya, ya rubuta maka takarda, kayan su zauna wajensa. Maso in yana son buhu goma sai mai kanti ya kira ka, ka ce a ba shi. Shi maso kuɗin hannunsa kawai ke tsakaninku. Amma kada ka ajiye siminti ya wuce wata uku, yana daskarewa, kuma in za a ajiye a wurin aiki a ɗora shi bisa katako. Sannan ku kula da ɗaurin rufi. Iskar farkon damina ba ta wasa, a bi katakon rufi a ɗaure shi da ƙarfen da aka dasa cikin kankare, in da hali a yi wa bango rawani ya kare bakin kwano.

Abban Hanifa
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ɗan kwangilar dai na fara cire shi a raina. Abin da ya rage mini nauyi shi ne Hajiya. Ta yaya zan ce wa ɗan kawuna mu rubuta takarda da shaidu? Zai ce na ɗauke shi ɓarawo, kuma maganar za ta zaga dangi.

Malam Na Ƙofar Mata
Abban Hanifa, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma Sahabbai aka fara yi wa umarnin, waɗanda suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Rubutu ba tuhuma ba ne. Mutum yana mantuwa, mutum yana mutuwa. In yau Allah ya ɗauki ɗayanku ana tsakiyar aiki, magada da me za su yi hisabi? Ta wannan ƙofar za ka shiga wa Hajiya, kuma ka je da kanka, kada ka yi ta waya.

Ka kuma nuna wa ɗan uwanka cewa takardar ta fi kare shi. In kuɗin kaya yana hannunsa, ko bai ci ko kwabo ba, ranar da siminti ya tashi ya ce a ƙaro, zuciyarka za ta yi waswasi, kuma za a samu mai zuga ka. In kuɗin aikinsa kawai ya sani, ba mai iya ɓata shi a wurinka. Sai dai kai ma ka ji tsoron Allah a kansa. Kada ka ce don na gida ne zai yi maka rabin farashi ko ya jira ka sai ka samu. Hadisi ya zo cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kamar yadda ya zo cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Kowa da nasa.

Na Jidda
Da an gaya mini wannan shekara huɗu da suka wuce. Amma ina nan a kan bakana ta wani wajen: wanda zai riƙa ɗauko maka hoto kada ya zama shi mai aikin. Kuma ka ce a kira ka ta bidiyo, a fara daga bakin titi a tako har cikin filin.

Ummu Aisha
Tambaya Abban Hanifa, ka taɓa ganin filin nan a watan Agusta? Wurare da yawa a gefen Kano tsofaffin kududdufai ne da aka cike da shara da ƙasa aka yanka. Da rani ba za ka gane ba. Ka tambayi tsofaffin wurin, ba dillalin da ya sayar maka ba.

Abban Hanifa
Salamu alaikum. Na dawo da bayani bayan sati uku, domin na ɗauki hutu na je gida.

Na ce ɗan kwangila ya kai ni gidajen da ke cikin hotuna. Ya kai ni ɗaya, muka tsaya a waje. Da yamma na koma ni kaɗai kamar yadda Baba ya ce. Mai gidan ya karɓe ni da mutunci, ya ce katanga da fenti kawai mutumin ya yi masa, ginin wani ne ya yi. Ban sake kiransa ba.

Ɗan kawuna ya kai ni wani gida a Ɗorayi da ya gina shekara takwas da suka wuce. Na bi gindin bango da hannuna, a bushe yake. Ƙofofi suna rufuwa lafiya. Akwai 'yar tsaga a kusurwar tagar kicin, shi da kansa ya nuna mini kafin in gani, ya ce lintar wurin ta gaza tsawo, kuskurensa ne. Mai gidan ya ce sau biyu yana kiransa gyara yana zuwa ba tare da ya karɓi komai ba. Leburansa biyu kuma tun suna samari suke tare da shi.

Injiniyan ya ba ni lambarsa, na bincika, tana nan. Mun yi magana ya yarda ya yi zane da lissafi, ya nemo izini, ya riƙa zuwa a matakai biyar, ginin kuma ɗan kawuna ya yi a jinga. Kaya ni zan biya wajen dila, matata za ta riƙe littafi, ƙaninta ya riƙa zuwa ƙirga. Da na kawo maganar takarda ran Yaya, wato ɗan kawun nawa, ya ɓaci, ya tashi ya fita, kwana biyu bai ɗaga wayata ba. Hajiya ce da kanta ta aika aka kira shi bayan na karanta mata abin da Malam ya rubuta. Mun sa hannu ranar Juma'a a gaban kawu da limamin unguwarmu.

Ummu Aisha, Allah ya biya ki. Shekaranjiya aka haƙa ramin gwaji guda uku. Biyu na gaba jar ƙasa ce mai tauri. Na kusurwar baya, ana kai ƙafa huɗu sai ga baƙar ƙasa da tsummokara da leda. Wani dattijo a wurin ya ce nan bakin wani tsohon rami ne da ake ɗiban ƙasar gini. Injiniya ya ce a dakata.

Injiniya Na Kaduna
Dakatawar ita ce daidai. A ci gaba da haƙa wannan ramin har a tarar da ƙasar asali, a auna zurfinta, sannan a ƙara rami biyu a gefensa don a san iyakar cikon. In ɗan yanki ne, ana iya kwashe shi, ko a saukar da ginshiƙan wannan kusurwar har ƙasa mai ƙarfi, ko a matsar da ginin gaba a bar bayan ya zama tsakar gida. In ya yi faɗi da zurfi, sai an kira masu gwajin ƙasa kafin a yi maganar bene. Kada a zana fandisho sai an ga ƙarshen ramin.

Mai Cokali
Kuma ku kafe gefen ramin da katako kafin yaro ya sake shiga. Ƙasar ciko ba ta gargaɗi in za ta rufta.

Abban Hanifa
Na gaya wa Yaya yanzu, ya ce katakon yana wurin tun safe. Gobe in Allah ya kai mu za su ci gaba da haƙa, ni kuma jirgin ƙarfe shida zan bi in koma Legas.